Ayar da na nema na rasa a Kartum

Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan shaidar, sai in fara in goge, don na san akwai waɗanda za su ce me ya kai ni tono irin wannan magana a bainar jama'a. Amma abin ya faru da ni, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi, Bahaushe gaba da baya. Kakana ne ya fara karɓar bishara a gidanmu, kafin shi Maguzawa ne mu. An yi min baftisma ina ɗan shekara 15 a rafin bayan garinmu, bayan mun yi wata shida muna ajin baftisma a ƙarƙashin wata bishiyar maina. Dattijon da ke koya mana akwai ayar da ya ce kowa sai ya haddace ta kafin ya shiga ruwa, Ayyukan Manzanni sura 8 aya 37, inda ma'ajin Kandaka, sarauniyar Itiyofiya, ya ga ruwa ya tambayi Filibus me zai hana a yi masa baftisma, Filibus yace in ka gaskata da dukan zuciyarka za a yi maka, shi kuma yace na gaskata Yesu Almasihu Ɗan Allah ne. Da wannan ayar aka koya mana cewa ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya yi hankali ya furta da bakinsa. Ni kuwa na riƙe ta gam, ko cikin barci aka tashe ni zan kawo ta.

A 2016 na tafi Kartum karatun haɗa magunguna. Mu huɗu muka kama haya a kudancin gari, uku Musulmi, ni kaɗai Kirista. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ɗan Kano ne, mahaddacin Alƙur'ani, shari'a yake karanta. Ina so in faɗi wannan tun yanzu don kar wani ya ɗauka labarin abokin gaba nake bayarwa: lokacin da taifot ta kwantar da ni shi ya ɗauke ni a raksha ya kai ni asibiti, shi ya kwana a kujera dare uku, har wankin kayana yayi. Malam nake ce masa, shi kuma yana ce min Fasto duk da ni ba fasto ba ne. Abu ɗaya ne da shi, yana son muhawara kamar me, bidiyoyin Ahmed Deedat kuwa, malamin nan mai muhawara da Kiristoci, cike suke a wayarsa.

Azumin 2017 ne, cikin watan Yuni, zafin da wanda bai zauna Kartum ba ba zai gane shi ba. An sha ruwa a kan titi yadda 'yan Sudan ke yi, a shimfiɗa tabarmi kowane gida ya fito da tirensa, har ni suke ja in zauna a miƙo min kofin hilu-mur. Da dare aka ɗauke wuta muka fito da gadajen igiya tsakar gida. Muna kwance sai yace, Fasto ɗauko min Baibul ɗinka na Turanci mana. Na ɗauko, wanda kawuna ya ba ni ne ranar da zan taho. Yace buɗe Ayyukan Manzanni 8 ka karanta min aya 37. Har murmushi nayi a raina, nace ka kawo kanka gidana. Na kunna fitilar waya na ɗora yatsa ina bi, 34, 35, 36, sai 38. Na koma baya na sake bi. 36, 38. Na juya shafin ko an manna takardu biyu ne, babu. Sai na ga wani ɗan ƙaramin harafi a ƙarshen 36, na bi shi ƙasan shafi, can aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa wasu kwafe na hannu suna ƙara waɗannan kalmomin a nan. Ayar da na shiga ruwa da ita, ga ta a ƙasan shafi kamar baƙuwa.

Bai yi min dariya ba. A hankali ya ci gaba, yace duba ƙarshen Markus daga 16:9 zuwa 20, na duba na ga an ja layi an yi bayani. Yace duba Yohanna 7:53 zuwa 8:11, labarin matar da aka kama tana zina, nan ma haka. Yace duba Yohanna ta fari 5:7 ka gwada da tsohon Baibul na Sarki Jemis. Sannan yace, ɗan'uwa ni tambaya ɗaya nake maka, littafin da aka iya ƙara wa aya ɗaya wa ya tabbatar maka ba a ƙara masa ɗari ba? Ban ce komai ba. Har aka tashi sahur idona biyu.

Wata kusan biyar na yi a wani hali da ba na fata ko maƙiyina ya shiga. Ranar Lahadi a Sudan ranar aiki ce, da yamma nake zuwa sujada bayan lacca, to ina zuwa ɗin amma baki ne kawai ke motsi. In mai wa'azi yace Maganar Allah ta ce, sai wata murya a cikina tace wace daga ciki. Na daina karatun safe. Na kira wani dattijo a gida na faɗa masa, yace ɗana kar ka bari boko ya ɓata ka, ajiye wannan Baibul na Turawa ka yi addu'a. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, mutumin kirki ne, amma maganar ba ta yi min magani ba, don matsalata ba Turanci ba ce, abin da aka rubuta a ƙasan shafin ne, shin gaskiya ne ko ƙarya. Kuma abin da ya fi ci min rai shi ne sai a bakin Musulmi na fara jin wannan zance, shekara ashirin da wani abu ina coci ba wanda ya taɓa ce min ga yadda littafin nan ya iso hannunmu.

Ana cikin haka wani ɗan ajinmu Bakibɗe, wato Kiristocin nan na cocin Masar da ake samu da yawa a Umdurman, masu ɗan zanen gicciye a wuyan hannu, ya gayyace ni baftismar ɗan yayarsa a unguwar Masalma. Na je don kar ya ji ba daɗi. Yaron kwanansa arba'in a duniya. Uwar ta ɗauke shi ta fuskanci yamma ta yi tir da Shaiɗan a madadinsa, ta juyo gabas ta furta bangaskiya, sannan Abuna, haka suke kiran limaminsu, ya karɓi jaririn tsirara ya nutsar da shi cikin ruwa sau uku, yaro na tsala ihu mata na guɗa, aka shafe shi da mai, aka sa masa fararen kaya, a ranar aka ɗiga masa Jibin Ubangiji a baki. Hayaƙin turare ya cika wurin har ido na yaji. Ni kuwa tsaye nake a baya ina cewa a raina wannan ai ba baftisma ba ce.

Da aka fito ana shan shayi na kasa riƙe bakina, nace wa abokin nawa yaya za a yi wa wanda bai san komai ba baftisma bayan Filibus yace sai in ka gaskata... sai na tsaya, maganar ta maƙale, don na tuna ayar da nake shirin jifansa da ita. Shi kuwa ya ciro wayarsa ya buɗe Baibul na Larabci, fassarar Van Dyck ta 1865 da mafi yawan Kiristocin Larabawa ke karantawa, yace ga ta nan mana aya 37, mun san ta. Kun ga abin da ya ɗaure min kai? Su ayar tana cikin nasu kuma suna yi wa jarirai baftisma, ni ba ta cikin nawa kuma a kanta na kafa hujja. Yace wannan babban mutum ne da ya shigo daga waje, dole ya furta da bakinsa, amma je ka sura 16 ka ga Lidiya da mutanen gidanta, da mai tsaron kurkukun Filibi da dukan nasa, ka ce min gidajen nan ba yara a ciki? Nace ai ba a ce akwai ba. Yace ba a kuma ce babu ba. Nan ya ja ni wurin Abuna.

Tsoho ne mai farin gemu da baƙar riga, da Larabcina na kasuwa da ɗan Turancinsa muka yi magana. Na zazzage masa komai, ban san ma me ya sa ba, wataƙila don baƙo ne ba zai kai labarina gida ba. Bai firgita ba ko kaɗan. Yace ya ibni, wato ɗana, abokinka Musulmi a ina ya san ayar nan ba ta cikin tsofaffin kwafe? Nace a ƙasan shafi. Yace wa ya rubuta ƙasan shafin? Nayi shiru. Yace mutumin da ke son ɓoye abu ba ya buga shi a cikin littafinsa ya sayar wa duniya. Sannan ya faɗi abin da har yau muke da bambanci da shi a kai, yace ku kuna ɗaukar littafi kamar shi ya haifi ikilisiya, mu kuwa mun san ikilisiya tana baftisma tana karya gurasa tun kafin a rubuta Ayyukan Manzanni, kuma Atanasiyus bishop ɗinmu na Iskandariya ne a wasiƙarsa ta shekarar 367 ya jera littattafai 27 ɗin nan na Sabon Alkawari da ku ma kuke riƙe da su. Da zan tashi yace ka san wanene mutumin da kake ta wahala a kan ayarsa? Ɗan ƙasar nan ne. Kandaka ba sunan mace ɗaya ba ne, sarauta ce ta sarauniyoyin Marawi, tsohuwar daular da aka yi a ƙasar Sudan, kuma abin da Girkawa ke kira Itiyofiya a lokacin shi ne ƙasar da ke kudu da Masar, nan inda kake tsaye. (Mai shayin bakin makarantarmu 'yar Habasha ce, da na faɗa mata haka cewa tayi sam, nasu ne, kuma Baibul ɗinsu ma littattafai 81 ne ba 66 irin namu ko 73 irin na Katolika ba. Ban ja da ita ba, ta ƙara min citta a shayin.)

Daga ranar na shiga bincike kamar mai shirin jarrabawa, datana duk a nan yake ƙarewa. Abin da na fara ganewa shi ne kusan shekara 1400 da hannu ake kwafar Sabon Alkawari kafin injin buga littafi, kuma kwafen Girkanci da suka rage sun haura 5,000, wasu cikakku wasu ɗan guntu kamar tafin hannu. Mai kwafa mutum ne, yana tsallake layi, yana maimaita kalma, wani lokaci ya ga bayani a gefen takarda ya ɗauka na ciki ne ya shigar. Aya 37 ba ta cikin wani kwafin takardar gargajiya ta Masar da masana ke kira P45 na ƙarni na uku, ba ta cikin Sinaitikus da Batikanus na ƙarni na huɗu, ba ta cikin Aleksandrinus na ƙarni na biyar. Kwafin Girkanci mafi tsufa da ke ɗauke da ita na ƙarni na shida ne. Amma kuma ba sabuwa ba ce, don Ireniyus, wani bishop na zamanin da, ya kawo furucin ma'ajin a rubutunsa wajen shekarar 180, ke nan tun da wuri Kiristoci suna faɗin labarin da wannan amsar, mai yiwuwa daga abin da ake tambayar mai shiga ruwa ne ta shigo, tunda mai karatu zai ji kamar Filibus bai amsa tambayar ba. Irasmus da ya buga Sabon Alkawari na Girkanci a 1516 kwafe kaɗan ne na baya-baya a hannunsa, ya sa ayar, daga nan ta shiga Baibul na Sarki Jemis na 1611 da na Larabcin nan. Lambobin ayoyi kuwa wani mabugin littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, shi ya sa su a 1551. To da aka zo aka samu tsofaffin kwafe, irin Sinaitikus da wani masani Bajamushe, Tischendorf, ya gano a gidan sufaye na Santa Katarina a dutsen Sina'i tsakanin 1844 da 1859, sai masu fassara suka sauke ayar ƙasa suka bar lambar ba kowa don kar lissafin sauran ya rikice. Abin da ya sa yatsana ya tsallake daga 36 zuwa 38 ke nan. Har hoton shafukan Sinaitikus ɗin na buɗe a intanet, ban iya Girkanci ba amma na zauna ina kallon rubutun, an raba kowane shafi gida huɗu a tsaye, da gyare-gyaren wasu hannuwa a gefe, nace ashe mutane ne irina suka zauna suka yi wannan wahalar don ya iso gare ni.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya warware ba. Labarin matar da aka kama ina ƙaunarsa, Inna ta sha ba mu shi, kuma na yarda yanzu cewa ba ya cikin kwafen Yohanna mafi tsufa, wannan ya yi min ciwo kuma har yanzu in na zo wurin sai na ɗan yi jim. Amma tambayar Malam ta cewa wa ya tabbatar ba a ƙara ɗari ba, na samu amsarta a wurin da ban zata ba: yawan kwafen ne ke tona ƙarin. Da kwafi ɗaya ne tak da ba wanda zai san an taɓa shi. Da yake sun warwatsu Masar da Siriya da Rum da Habasha cikin harsuna daban-daban, in wani ya ƙara a nan sai na can ya fallasa shi, shi ya sa ake iya nuna wuraren da yatsa, kuma manya-manyan guda biyu ne, ƙarshen Markus da wannan na Yohanna, kowanne aya goma sha biyu. Na ɗauki biro na bi wuraren da ake shakka ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina, in an cire wannan me na rasa? Furucin cewa Yesu Ɗan Allah ne yana nan a bakin Bitrus a Matiyu 16:16, yana nan a Yohanna 20:31. Tashinsa daga matattu an riga an sanar da shi a Markus 16:6 kafin a kai inda ake gardama, ga kuma Korintiyawa ta fari sura 15 da Bulus ya rubuta shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciye. Sai kuma Ishaya 53, wurin da ma'ajin ke karantawa a cikin karusarsa, na tarar a 1947 an samu naɗaɗɗen littafin Ishaya a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri wanda ya girmi haihuwar Yesu da fiye da shekara ɗari, kuma surar tana ciki, bawan nan da aka kai shi yanka kamar tunkiya. Daren da na karanta wannan na durƙusa a gefen gado na yi addu'ar da na yi wata biyar ban yi irinta ba, kuka nake sosai, Malam na jina bai ce uffan ba.

Bayan kwana biyu muka je cin agashe wurin wani tsoho Bahaushe ɗan Mai Wurno, jikan mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, Hausarsa irin ta da mai daɗi haɗe da Larabci. Na kwashe duk abin da na gano na faɗa wa Malam a gabansa. Baba yana juya nama yana saurare, can yace to ashe ku ma kuna da masu tankaɗe, irin malaman hadisi da ke ware ingantacce da mai rauni. Malam yace a'a Baba, hadisi daban Alƙur'ani daban, su wannan shi ne littafin nasu gaba ɗaya, kuma littafin Allah bai kamata ya zo da ƙaramin rubutu a ƙasa ba. Nace masa nan ne muka rabu Malam, kai kana neman littafin da aka saukar, ni an koya min Kalman Allah ya zama mutum, wato Yesu, littafin kuma shaidar mutanen da suka gan shi ne, Ruhu ya bishe su, mutane suka kwafa. Yace ban gamsu ba Fasto. Nace na sani. Baba yace ku ci nama kafin ya huce, ya ƙara mana albasa da lemun tsami.

Abin da ya canza a wurina ba ƙarami ba ne. Har yau ina ganin baftismar wanda ya furta da bakinsa ita ce ta fi kusa da abin da nake karantawa, in Allah ya ba ni 'ya'ya haka zan yi musu. Amma na daina cewa abin da na gani a Masalma ba baftisma ba ce. Mutanen nan tun rabuwar ikilisiya da aka yi a taron bishop-bishop na Kalsidon a shekarar 451 suke riƙe da sunan Yesu cikin wuya iri-iri, ni da bishara ta shigo gidanmu a zamanin kakana ba ni da bakin da zan kore su da ayar da ni kaina na san inda take zaune. Na je gidan tarihi na Kartum na ga zanen bangon cocin Faras da aka ceto kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin, fuskokin bishop-bishop baƙaƙe irina, na tsaya a gabansu na daɗe. Yanzu da yaƙi ya ci garin in na tuna ɗakin nan sai zuciyata ta yi nauyi. A hutun Janairun 2018 kuma mun je Bajarawiya bayan Shandi inda dalar Marawi suke, ni da Malam da wasu 'yan makaranta, na zauna a kan yashi a inuwar wata dala na karanta sura 8 tun daga farko. Abin da ya tsaya min a ranar ba 37 ba ce, aya 31 ce, inda mutumin yace yaya zan gane in ba wani ya bi da ni ba, ya roƙi Filibus ya hau ya zauna kusa da shi.

Bara ƙanwata ta shiga ajin baftisma, ta turo min saƙo a WhatsApp tace Yaya an ba mu haddar Ayyukan Manzanni 8:37 amma ban gan ta a Baibul ɗin wayata ba. Na ajiye abin da nake yi na kira ta. Mun fi awa ɗaya, na ba ta labarin masu kwafa da Irasmus da mai sa lambobi, na ɗauki hoton shafina na tura mata har da ƙaramin rubutun da inda na ja layi da biro a daren nan. Tayi shiru can tace to Yaya in haddace ko kar in haddace? Nace haddace, Kiristoci suna faɗinta a bakin ruwa tun kafin a san za a yi garinmu, amma ki haɗa da Yohanna 20:31, kuma in wani ya tambaye ki ki faɗa masa gaskiyar inda take. Ranar da aka yi musu Inna ta riƙe min waya ina kallo ta bidiyo, rafin nan ne dai, ruwan ya ja baya sosai sai da suka taka har tsakiya, hoton yana yankewa yana dawowa, amma na ji muryarta lokacin da aka tambaye ta.